Hawan jini da shanyewar ɓarin jiki: tsakanin tukunyar miya da kantin magani

Duk lokacin da aka ce wane ya yanke jiki ya faɗi, bakinsa ya karkace, hannu da ƙafa sun daina motsi, abin da dangi suka fi faɗa shi ne lafiyarsa ƙalau ya kwanta jiya. Ta fuskar abin da ido ya gani gaskiya suka faɗa, amma a likitance da wuya lamarin ya kasance haka, domin shanyewar ɓarin jiki galibi ƙarshen wata ɓarna ce da ta shafe shekara goma ko ashirin tana cin jijiyoyin jini ba tare da mai jikin ya ji ciwo ba. Ɓarnar tana zuwa ta hanya biyu. Ko dai gudan jini ya toshe jijiyar da ke kai wa wani sashe na ƙwaƙwalwa jini, sashen ya mutu saboda rashin iska da abinci, ko kuma jijiyar ta fashe jini ya malala cikin ƙwaƙwalwa. Irin wannan toshewar ce idan ta faru a jijiyoyin da ke ciyar da zuciya take zama bugun zuciya, shi ya sa likitoci ke ɗaukar cututtukan biyu a matsayin 'yan gida ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a shekarar 2019, kusan kashi ɗaya cikin uku na duk mace-macen duniya a shekarar, kuma mafi yawansu bugun zuciya ne da shanyewar jiki.

Alƙaluman duniya ba su cika taɓa zuciya ba, don haka ya fi kyau a duba binciken da aka yi a kanmu. A 2018 wata tawagar likitoci ƙarƙashin Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan ta fitar da sakamakon binciken da ake kira SIREN, wanda aka gudanar a asibitoci 15 na Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya. An kwatanta mutum 2,118 da suka samu shanyewar jiki da wasu 2,118 masu irin shekarunsu da jinsinsu waɗanda ba su samu ba. Abu biyu suka fito fili. Na farko, kusan kashi 32 cikin ɗari na marasa lafiyan jijiya ce ta fashe musu, adadin da ya ninka abin da aka saba gani a Turai, kuma wannan nau'in shi ne ya fi saurin kisa, shi ne kuma ya fi alaƙa da hawan jinin da ba a kula da shi ba. Na biyu, lissafin ya nuna cewa hawan jini na da hannu a kusan kashi 90 cikin ɗari na shanyewar jikin da aka gani. Sauran abubuwan da suka biyo baya sun haɗa da yawan kitse a jini, ciwon suga, tumbi, yawan cin nama, ƙarancin cin ganye, barbaɗa gishiri a kan abincin da aka riga aka dafa, damuwa, rashin motsa jiki da shan taba. Matsakaicin shekarun marasa lafiyan 59 ne, wato da yawansu magidanta ne da iyaye mata da ake dogaro da su, ba tsofaffin da suka ajiye aiki ba.

Wannan ne ya sa nake ganin duk wata magana kan abinci, zaman rayuwa da magani ya kamata ta koma kan tambaya ɗaya, wato me abin yake yi wa lambobi biyun da ma'aunin jini ke nunawa. Hukumar Lafiya ta Duniya na ɗaukar mutum a matsayin mai hawan jini idan an auna shi a ranaku biyu daban-daban aka samu 140 a sama ko 90 a ƙasa, ko fiye da haka. Jijiyar jini kamar tiyon ban ruwa take, idan ƙarfin ruwan ya wuce kima shekara da shekaru, wani wurin zai yi tauri ya ƙuntata, wani wurin kuma ya yi laushi ya jira ranar fashewa. Abin da ya sa cutar ke da wuyar sha'ani shi ne ba ta da alamar da za a dogara da ita. Ciwon kai, jiri da ciwon ƙeya da mutane ke ɗauka su ne alamun jini ya hau, sau da yawa ba su da alaƙa da shi, kuma mutum na iya yawo da 180 yana harkokinsa bai ji komai ba. Rahoton hukumar na 2023 ya ce kusan rabin masu hawan jini a duniya ba su san suna da shi ba, kuma huɗu cikin biyar ba sa samun kulawar da ta isa.

Akwai masu cewa abin a jinin baƙar fata yake, babu yadda za a yi. Gado na da nasa rabon, amma wani bincike da Richard Cooper da abokan aikinsa suka wallafa a 1997 ya raunana wannan hujja. Sun auna baƙar fata masu tushe ɗaya a wurare uku, suka samu hawan jini a kashi 16 cikin ɗari a Afirka ta Yamma, 26 a tsibiran Karibiyan, 33 a Amurka. Jini ɗaya ne, abin da ya bambanta shi ne ƙiba, gishiri da yanayin zama. Abin da ya faru tun daga lokacin shi ne garuruwanmu sun matsa kusa da wancan ɓangaren, babur da Keke Napep sun maye gurbin tafiyar ƙafa, lemon kwalba ya shiga inda fura da kunu suke, taliyar leda ta zama abincin dare.

Gishiri ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. Sinadarin sodiyam da ke cikinsa yana riƙe ruwa a jiki, ruwan ya ƙara yawan jinin da zuciya ke turawa, kuma bincike ya nuna baƙar fata da masu manyan shekaru sun fi saurin nuna tasirinsa. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada babba ya kai giram 5 a rana, wato ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi, alhali matsakaicin abin da ake ci a duniya ya haura giram 10. Matsalar a gidajenmu ita ce ba a ƙirga gishirin da ba a gani. Uwargida za ta ce ta rage gishiri saboda maigida, kuma da gaske ta rage, amma ta murƙushe dunƙule shida ko takwas a tukunyar miya ɗaya, ta ƙara farin magi, ta jefa kanwa don kuɓewa ta yi yauƙi ko wake ya yi saurin nuna. Kusan rabin nauyin dunƙule gishiri ne, farin magi sodiyam ne, kanwa ma sodiyam ce. Idan aka zo ci kuma ga yaji a gefe, wanda shi ma da gishiri da dunƙule aka daka shi. A ƙara da burodin safe, da ƙullin ɗanɗanon taliyar leda, da tsire ko kilishin dare, za a ga mutumin da ya rantse ya daina cin gishiri ya ninka ƙa'ida ba tare da ya taɓa robar gishiri ba. Mafita tana cikin kayan da kakanninmu suka yi girki da su: daddawa, albasa, tafarnuwa, citta, masoro, kanumfari, busasshen kifi da tsamiya suna ba miya armashin da zai sa a rage dunƙule da rabi, kuma harshe yakan saba cikin 'yan makonni idan an rage a hankali, ga dukan gida, ba a ware wa mara lafiya tukunyar lami shi kaɗai ba.

Kanwa tana da tarihi na musamman a nan. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun ba da rahoton yawan gazawar zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna lamarin ya fi haka sarƙaƙiya, akwai talauci, ƙarancin wasu sinadaran abinci da hawan jinin masu ciki. Duk da haka, bai wa matar da jininta ya hau lokacin goyon ciki kunu mai kanwa da yawa har kwana arba'in abu ne da ya kamata iyaye mata su sake dubawa, musamman idan ƙafafunta na kumbura ko numfashi na yi mata wuya idan ta kwanta.

Kishiyar sodiyam ita ce fotasiyam, wadda ke taimaka wa ƙoda fitar da gishiri, kuma tana cikin ganye, wake, ayaba, dankali da 'ya'yan itace. A 2021 aka fitar da sakamakon wani gwaji a ƙauyuka 600 na ƙasar Sin, inda aka bai wa rabin mutum kusan 21,000 gishirin da aka maye kashi ɗaya cikin huɗunsa da fotasiyam. Bayan kusan shekara biyar, shanyewar jiki ta ragu da kashi 14 cikin ɗari a cikinsu. Irin wannan gishirin bai dace da mai ciwon ƙoda ba, kuma ba kowace kasuwa ake samunsa ba, amma kwaɗon zogale, rama, tafasa, miyar alayyafo da fate mai yakuwa suna nan da araha. Abin takaici ne a ce an mayar da su abincin talaka, wanda ya samu wadata kuma ya nuna ta da soyayyen nama da farar shinkafa, alhali binciken SIREN ya sa cin ganye kullum cikin abubuwan da suka fi ba da kariya. Haka tuwon dawa, gero da acha da ba a surfe su har sun rasa dusa ba sun fi fulawa da farar shinkafa amfani ga mai tumbi ko mai suga. Game da mai, wanda ya fi illa shi ne wanda aka yi ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi, sai kitsen dabba, man shanu da manja idan sun yi yawa. Zoɓo kuwa, gwaje-gwaje sun nuna yana ɗan sauke jini, amma ragin kaɗan ne, kuma zoɓon da aka cika da suga ya ba da hannun dama ya karɓe da hagu.

Kan taba babu doguwar magana: tana kusan ninka haɗarin shanyewar jiki, shisha ba ta fi ta sauƙi ba, kuma haɗarin yana fara sauka cikin 'yan shekaru bayan an daina. Motsa jiki kuma minti 150 ne a mako, wato tafiya da sauri ta rabin awa kwana biyar. Inda ya kamata a yi gaskiya shi ne wannan shawara ta fi sauƙi ga namiji. Matar da ba ta cika fita ba tana bukatar maigida ya amince cewa zagayen tsakar gida ko takawa zuwa unguwa wani ɓangare ne na maganinta. Mai minshari mai ƙarfi wanda numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci shi ma ya gaya wa likita, domin hakan na cikin dalilan jinin da ke ƙin sauka.

Yanzu sai magani, inda a ganina aka fi asarar rayuka. Gyaran abinci na iya sauke jini da 'yan maki, wani lokacin har ya wadatar ga wanda nasa bai yi nisa ba, amma wanda ke kan 160 ko 170 da wuya ya tsira ba tare da ƙwaya ba. Nazarin da ya haɗa gwaje-gwaje sama da ɗari ya nuna cewa duk maki 10 da aka sauke a lambar sama na rage haɗarin shanyewar jiki da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. An kuma san wane haɗi ne ya fi yi mana aiki. Gwajin CREOLE da Dakta Dike Ojji na Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, aka wallafa a 2019, ya nuna cewa haɗin da ke ɗauke da amlodifin ya fi wanda babu shi sauke jinin baƙar fata, kuma yawancin mutane na bukatar magani biyu, ba ɗaya ba. Matsalar ita ce yadda ake shan sa. Mutum zai sha na wata guda, a auna a ce jini ya sauka, sai ya ajiye, ya ce ya warke. Wani kuma sai ranar da kansa ya yi nauyi yake ɓallar ƙwaya ɗaya. Maganin hawan jini ba ya warkar da cutar, riƙe ta yake yi, kuma lambar da ta yi kyau shaida ce cewa yana aiki. Maganar da ke yawo cewa yawan shan sa na lalata ƙoda ta juya gaskiya, domin hawan jinin da aka bari shi ne ɗaya daga cikin manyan masu kai mutane wankin ƙoda. Illoli kam akwai: amlodifin na kumbura ƙafa, lisinofuril na sa busasshen tari kuma haramun ne ga mai ciki, wasu na sa yawan fitsari, wasu na rage ƙarfin namiji, abin da maza da yawa ke jin nauyin faɗa sai su daina a ɓoye. Kowace daga cikinsu tana da mafita idan an koma wurin likita, ko a sauya ƙwaya ko a rage. Haka a watan azumi, mayar da lokacin sha zuwa sahur ko buɗa-baki da shawarar likita ake yi, ba a dakatarwa.

Ɗaya gefen kuma shi ne magungunan da ke hawar da jini ba a sani ba. Leburan da ya wuni yana ɗaukar kaya, ko tsohuwa mai ciwon gwiwa, za su je kemis a ƙulla musu haɗi a leda, ƙwaya huɗu ko biyar da babu suna. Yawanci a ciki akwai maganin rage ciwo irin diklofenak ko ibufurofen, wani lokacin dukansu, da deksametazon. Na farkon biyu suna sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, suna rage ƙarfin maganin hawan jini, kuma a 2015 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta tsaurara gargaɗin cewa suna ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki ko da a makonnin farko ne. Deksametazon kuwa, wanda wasu mata ke sha da sunan sha-ka-fashe don su yi ƙiba, yana hawar da jini da suga a lokaci guda. Wasu magungunan mura masu buɗe hanci suna matse jijiyoyin jini. Ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadari biyu ba ta dace da mai hawan jini ba, ko mai shan taba da ta wuce 35, ko mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya a ido, kuma akwai wasu hanyoyin da suka dace da su, shi ya sa awon jini kafin a ba da ita ba ɓata lokaci ba ne. Magungunan ƙarfin maza da ake tallatawa a matsayin na gargajiya zalla an sha gano an cakuɗa su da na bature, wanda idan ya haɗu da wasu magungunan ciwon zuciya yana iya faɗar da jini farat ɗaya. Mai hawan jini ya kamata ya kwashi duk abin da yake sha, har da jiƙo da tsimi, ya zube wa likita a tebur.

Asfirin na bukatar bayani na kansa, domin mutane da yawa na shan ƙaraminsa kullum da tunanin yana tsinka jini. Ga wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko toshewar jijiyar ƙwaƙwalwa, amfaninsa tabbatacce ne, tare da maganin rage kitsen jini na dangin sitatin. Ga lafiyayye kuwa lissafin ya sauya. Gwajin ASPREE na 2018 a kan tsofaffi sama da 19,000 a Ostireliya da Amurka bai nuna kariyar a zo a gani ba, sai ƙarin zubar jini, kuma a 2022 kwamitin rigakafi na Amurka ya ba da shawarar kada wanda ya kai 60 ya fara shan sa don rigakafi kawai. A wurin da kashi ɗaya cikin uku na shanyewar jiki fashewar jijiya ce, wannan gargaɗi ya fi nauyi. Saboda wannan dalilin ne kuma ba a ɗura wa wanda ya faɗi asfirin, ko ruwa, ko rubutu a baki, domin ba a san wane nau'i ba ne sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, ga shi kuma haɗiya kan lalace har abin ya wuce huhu. Karkacewar fuska, mutuwar hannu ɗaya da sarƙewar harshe na nufin a nufi babban asibiti nan take, domin allurar narkar da gudan jini, inda ake da ita, cikin awa huɗu da rabi take aiki. Addu'a ba ta hana tafiya, ana iya yin ta a cikin mota. Alamun da suka zo suka wuce cikin 'yan mintuna ma gargaɗi ne, kuma kwanakin farko bayansu su ne mafi haɗari. Wanda zuciyarsa ke bugawa ba bisa tsari ba kuma haɗarinsa ya ninka kusan sau biyar, asfirin ba ya isar masa, sai maganin hana daskarewar jini irin su wafarin, wanda ke bukatar gwaji akai-akai da daidaita yawan ganyen da ake ci, kada yau a ci da yawa gobe a daina.

Ba adalci ba ne a ɗora komai a kan mara lafiya. Da yawa daga masu ajiye magani kuɗin ne ya gagare su, ko kuɗin motar zuwa asibitin da za su wuni a layi don a rubuta musu ƙwayar da suka riga suka sani. Shirin da aka fara a 2020 a ƙananan asibitocin jihohin Kano da Ogun, inda ma'aikatan lafiya na matakin farko ke auna jini su ba da magani bisa tsari ɗaya mai sauƙi, ya nuna cewa ba sai an ga babban likita ba kafin a riƙe hawan jini. Abin da irin wannan shiri ke bukata daga gwamnatocin jihohi shi ne ma'auni mai aiki a kowane asibitin unguwa, ƙwayoyi biyu ko uku da ba sa yankewa a farashin da mai sayar da ƙosai za ta iya biya, da ba da maganin wata uku a lokaci guda ga wanda jininsa ya daidaita. Masana'antun dunƙule, burodi da taliya kuma a sa musu iyakar gishirin da doka za ta bi, kamar yadda Afirka ta Kudu ta fara aiwatarwa tun 2016.